Mola Uku a Ƙofar Gidan Suruki

Ranar da Sagiru ya ƙudiri aniyar ceto noman shinkafar ƙasar Kabo, matarsa Zinnira tana tankaɗe ne a tsakar gida, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ki saurara da kyau," in ji shi, yana ɓalla maɓallan wata farar riga irin ta masu ɗakin gwaji, wadda ya tsinto a gwanjo. "Mutanenku da ka suke shuka. Su ɗebi iri su watsa, mai ƙwaya da fanko duk ɗaya. Ni kuwa da ilimi zan tace musu shi. A narka gishiri a ruwa daidai lissafi, a zuba iri. Mai ƙwaya ya nutse, fanko ya taso sama a kwashe. An gama."

"To, Allah ya ba da sa'a. A kan irin wa za ka fara?"

"Na Baba mana."

A nan ta ajiye rariya.

Shi dai Sagiru cajin waya yake yi a bakin kasuwar Gwarzo. Ya taɓa leƙa wata kwaleji a Kano, ya ɗan zauna a ajin kimiyya kafin jarrabawa ta rako shi gida, kuma tun daga lokacin ya hana kowa sakat. Ko shayi zai sha, sai ya tsare mai shayi da bayanin yadda sukari yake narkewa. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Farfesa don tsokana, gogan naka ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin rumfa.

Baban da yake magana a kansa kuwa shi ne Malam Ja'afaru na Masanawa, mahaifin Zinnira. Jinin Fulani ne, ya daɗe da ajiye sanda ya kama fartanya, amma kara da kawaici bai ajiye ko kaɗan ba. Bara ambaliya ta share masa fadama, ko na iri bai tsira da shi ba. Amininsa Alhaji Uwaisu na Gude ne ya raba nasa irin biyu ya aiko masa da ƙaramin buhu guda. Ga shi ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, kuma bayan wannan buhun babu wani.

"Don girman Allah ka bar masa irin nan," in ji Zinnira. "Ka san ba zai iya ce maka a'a ba."

"Ai shi ya sa zan fara da shi. Baba mutum ne mai fahimta."

Ya fice yana kaɗa riga, ya zame layin masu awo, ya tsaya a gaban mai gishiri.

"Malam, ka san mol?"

"Ban sani ba, Farfesa. Tiya nawa za a auna?"

"Kwantar da hankalinka ka ƙaru. Mol ɗaya na gishiri giram hamsin da takwas da rabi ne. In ka narka shi a ruwa ya cika lita ɗaya, ƙarfin ruwan ya zama mola ɗaya ke nan. Ni mola uku nake so. Duro kuma lita ɗari biyu yake ci. Uku sau ɗari biyu, mol ɗari shida. Sau hamsin da takwas da rabi..." Ya zaro waya ya daddanna, ya ɗaga ta sama don na nesa ma su gani. "Kilo talatin da biyar da 'yan kai."

Tsakani da Allah, zuwa nan lissafin ba shi da aibu. Da a nan ya tsaya, da ban sami abin ba ku labari ba.

Mai gishiri ya nuna masa buhunan kamfani, kowanne da nauyinsa rubuce a jiki. Sagiru ya yi tsaki.

"Buhu yana da gyara ne? Auna mini da tiya. Tiya kilo biyu da rabi ce, kowa ya sani. Goma sha huɗu za ka zuba."

Tiyar dawa ce kilo biyu da rabi. Gishiri kuwa nauyi gare shi kamar yashi, amma wa zai gaya wa Farfesa? Aka fara awo, ya tsaya a kai yana ba da umarni.

"Cika ta! Yi mata tozo! Tare da hannu mana, haba Malam, haka ake awo a garinku?"

Da aka gama ya riƙe bakin buhu ya ƙi ɗaurewa.

"Ina gyarana? Tiya goma sha huɗu a ce babu gyara? Ka ji tsoron Allah."

Mai gishiri ya ƙara masa don a rabu lafiya. Sagiru ya ce wannan ai gyaran mai sayen tiya ɗaya ne, aka sake ƙarawa. Ya tafi yana jin daɗin ya iya ciniki. Da aka ɗora kayan a babur, tayar baya ta kwanta, ɗan acaɓa ya dubi buhu ya dubi Sagiru, ya dai tayar da babur.

Da hantsi suka isa Masanawa. Farar rigar nan ita ta fara tara jama'a, don wasu sun ɗauka masu rigakafi ne suka zo. Malam Ja'afaru yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Sagiru ya cire takalmi daga nesa, ya tsuguna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya damina? Ya ibada? Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ku."

Duk gaisuwar nan Malam Ja'afaru ƙasa yake kallo, don Zinnira 'yar fari ce, mijinta kuwa ba abin haɗa ido ba ne. Sagiru bai jira an watse ba. A gaban maƙwabta, a gaban liman, ya miƙe ya bayyana abin da ya kawo shi, ya rufe da cewa ba don kowa ya ɗauko wannan wahala ba sai don Baba.

Malam Ja'afaru ya dubi zaure, inda buhun yake jingine, ya dubi jama'a. A ce suruki ya taso tun daga Gwarzo da kayansa, ka kunyata shi a bainar jama'a?

"To, Malam," ya ce. "Yadda ka gani."

Aka mirgino duro, aka ɗora shi a kan duwatsu. Zailani ɗan garuwa ya turo kurarsa, ya juye jarka shida, ya tsaya.

"Farfesa, in na cika shi, ina za a zuba iri?"

Lokacin Sagiru ya ba shi baya, yana rubuta lissafinsa da gawayi a bangon gidan suruki, manya-manyan lambobi. Ya kaɗa hannu kawai ya ce ya yi. Haka lita ɗari biyun da ke jikin bango ta koma ɗari da hamsin a cikin duro. Sannan ya kwance buhun gishiri ya juye duka, har da gyaran, ya kakkaɓe gindin buhu don kada a yi asara.

Ya karɓi taɓarya ya shiga juyawa. Ya juya har gumi ya jiƙa farar riga, amma duk sanda taɓarya ta taɓa ƙasa sai a ji ƙurus-ƙurus.

Raliya, ƙanwar Zinnira, tana leƙe daga zaure. Tsakaninta da mijin yayarta akwai wasa, kuma bakinta ba ya da linzami.

"Yaya Farfesa, ruwan ya ƙoshi fa. Ga gishirinka can ya shimfiɗa tabarma."

"Ke rufa mana baki. Zama yake yi ya daidaita. Kin taɓa shiga ɗakin gwaji?"

"A'a, amma na taɓa yin miya."

Aka yi dariya, Sagiru ya yi kamar bai ji ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ku buɗe idanunku. Duk abin da ya nutse, iri ne. Duk abin da ya taso, fanko ne, rabon kaji."

Ya ciko ƙwarya da shinkafar Malam Ja'afaru, ya yi bisimilla, ya zuba. Aka miƙa wuya. Shinkafa ta baje a saman ruwa, ta yi lamo. Ya sa taɓarya ya danna ta ƙasa, ta sake tasowa. Ko ƙwara ɗaya ba ta yi niyyar nutsewa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Sagiru ya dafe kai. "Baba, an cuce ka. Wallahi Allah ne ya kawo ni."

Kafin wani ya yi magana ya sa kwando ya kwashe, ya watsa a ƙasa. Kajin unguwa suka rugo. Wata ta caka, ta girgiza kai, ta goge baki a ƙasa. Zakara ya gwada, ya ja da baya yana ƙorafi. Suka watse gaba ɗaya suka bar shinkafar.

"Kun gani?" Sagiru ya nuna su da taɓarya. "Ko kaji sun ƙi. Ina masu gardama?"

Malam Ja'afaru ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki ƙwara ɗaya, ya sa a haƙori. Ta ce ƙas. Ya duba, ga ƙwaya fara sol.

"Malam," ya ce, yana kallon tafin hannunsa, "kamar dai da ɗan abu a ciki."

"Ido ne yake gani, Baba. Kimiyya ba ta ga komai ba."

Tsohon ya haɗiye sauran maganarsa. Aka zuba ƙwarya ta biyu, ta taso, aka watsar. Ta uku ma haka. Buhu yana ramewa, Malam Ja'afaru yana jan carbi da sauri-sauri.

Shi kuwa Zailani, ba a banza yake shiga gida-gida da ruwa ba, labari ba ya kwana a cikinsa. Ya koma gefe ya latsa waya.

"Alhaji, kana ina? To ga shi nan a Masanawa ana cewa ƙaiƙayi ka ɗura wa amininka a buhu. Wallahi a gaban liman."

Ba a jima ba sai ga Alhaji Uwaisu a kan babur, babbar riga tana tashi, ya ɗauro nasa rabin irin a baya. Ko kafe babur ɗin bai tsaya yi da kyau ba. Sallama ma a taƙaice ya yi ta.

"Wane ne ya ce na ba Ja'afaru ƙaiƙayi?"

"Ba ni na ce ba, Alhaji," in ji Sagiru. "Mola uku ce ta ce."

"To ta fito ta maimaita a gabana. Yaro, irin nan tun kana rarrafe nake shuka shi."

"Shi ya sa ya gaji, Alhaji."

"Kai ne dai za ka gaji! Ja'afaru, kana zaune ana zubar mini da mutunci?"

Malam Ja'afaru ya rasa inda zai sa kansa. Ga amini a tsaye yana huci, ga suruki a gaban jama'a. Ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Shi dai Malam... an ce ya yi karatu."

Alhaji Uwaisu ya juyo ya dubi amininsa. Abin ya soke shi ƙwarai.

"Au. Kai ma ka yarda ke nan. Na raba abin da zan shuka biyu na ba ka, ashe cutarka na yi." Ya juya ya kwance buhunsa. "To ga nawa, daga rumbu ɗaya suka fito. In ƙaiƙayi na ba ka, ƙaiƙayi na bar wa kaina. A zuba duka, nawa da naka, kowa ya gani."

Ya juye nasa, ya fizgo sauran na Malam Ja'afaru ya juye a kai. Shinkafa ta taru a saman ruwa ta yi tudu, har ta kusa bakin duro. Aka jira. Ba ta motsa ba. Alhaji Uwaisu ya zura mata ido, ya fara tunanin ko wani ya shiga rumbunsa ya yi masa musanya.

Da Sagiru yana da wayo, da nan ya naɗe rigarsa ya hau babur. Ina! Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar leda mai hoton zangarniya.

"Yanzu zan nuna muku yadda iri na gaskiya yake. Wannan na kamfani ne, ingantacce, masana suka tace shi. Ku kalli yadda zai wuce ƙasa kamar dutse."

Ya ture shinkafar tsofaffi gefe da hannu, ya buɗe fili, ya zazzage ledar daga sama don kowa ya gani. Irin kamfani ya faɗa ruwa, ya yi ɗan nitso na ladabi, ya dawo ya kwanta kusa da 'yan uwansa.

Wani ya yi tari a baya.

"Jabu suka sayar mini," in ji Sagiru. "Ƙasar nan ta lalace."

Raliya ta fito daga zaure da ƙwai a hannu, ta jefa. Ƙwai ya taso ya zauna, rabinsa a waje.

"Yaya Farfesa, kazar Inna ma fanko take yi?"

Shi ke nan aka buɗe ƙofa. Liman ya ciro goro daga aljihu ya saka, ya taso. Wani ya kawo dankali, ya taso. Zailani ya jefa gauta. Duro ya koma kamar tiren talla, jama'a suna ta shewa, kowa yana laluben abin da zai gwada.

"Saura abu ɗaya," in ji Raliya. "A tsoma kan Farfesa mu gani."

Sagiru ya tsoma yatsa ya lasa don ya rufe musu baki. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idanunsa suka kawo ruwa. Ya tofar, ya sake tofarwa. A ransa ya gane an yi ɓarna, amma a bakinsa abin bai kai haka ba.

"Molar ce ta ɗan haura. Wannan ƙaramin abu ne a wurin masana, sirkawa ake yi. In ƙarfi ya ninka, sai a ninka ruwa. Zailani, kawo sauran jarkokin!"

Malam Ja'afaru ya ɗan ɗaga hannu.

"Malam, da dai an fara kwashe irin tukuna..."

"Kada ka damu, Baba, komai a lissafe yake."

Abin da bai lissafa ba shi ne inda ruwan zai zauna. Ya taka kura ya hau, ya kinkimi jarka ya tuntsura. Ruwa ya taso, shinkafar da ke sama ta taso tare da shi, ta kai baki, ta fara malala ta ko'ina. Jama'a suka sa ihu. Sagiru ya saki jarka ya rungumi bakin duro wai zai tare da ƙirji. Kura ta gangara ta bar ƙafarsa a iska, dutse ɗaya ya zame a cikin laka, duro ya karkata a hankali kamar mai neman izini, sannan ya kife tare da Farfesa.

Ruwan gishiri ya kwashi irin tsofaffi biyu, da ƙwai, da goron liman, ya miƙe lungu ya nufi kududdufi.

"Iri! Jama'a, iri!"

Ban taɓa ganin Masanawa ta yi gudu irin na ranar ba. Mata suka fito da rariya da faifai da matsami. Liman ya tattare riga yana tare ruwa da takalmi. Alhaji Uwaisu, da girmansa da tumbinsa, ya sha gaban ruwan, ya tuɓe babbar riga ya shimfiɗa ta a bakin kwata. Malam Ja'afaru ya durƙusa kusa da shi ya kama ɗaya gefen, yana kamfatar shinkafa da hularsa.

"Ja ta wajenka, Ja'afaru!"

"Na ja, Alhaji. Ka yafe ni, don Allah."

"Riƙe dai tukuna, ga wata can tana wucewa!"

Aka tsince abin da ya tsintu, har da wanda kaji suka raina. Aka kai bakin rijiya aka yi ta ɗauraya da ruwan daɗi, kuma a cikin bokitin farko shinkafar ta nutse ƙasa tsaf, kowa yana kallo. Alhaji Uwaisu ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi yadda na bayan gari zai ji. Aka baza ta a tabarma a ƙofar gida. Buhu biyu aka fara da su, abin da ya dawo ko ɗaya bai cika ba.

"Ka riƙe duka," in ji Alhaji Uwaisu.

"Wallahi sai dai mu raba."

Suna cikin wannan ja-in-ja sai ga Sagiru ya lallaɓo, farar riga ta koma kalar kunun kanwa, gishiri ya bushe masa a gira. Ya tsuguna a bakin tabarma. Kowa ya ɗauka haƙuri ya zo bayarwa, har liman ya fara shirya kalmomin sulhu.

"Baba, na gano inda matsalar take. Ba lissafina ba ne, ga shi can a bango, kowa ya duba. Tiya ce ba ta da ilimi. Yanzu abin da za a yi, in tafi da wannan ɗan da ya rage Gwarzo, in nemi sikeli, in sake haɗa mola uku ta gaskiya. Gobe war haka..."

Yana magana yana jawo bakin tabarma wajensa.

"Sagiru."

Tun da aka ɗaura auren Zinnira, babu mahaluƙin da ya taɓa jin wannan suna a bakin Malam Ja'afaru. Raliya ta toshe baki da mayafi. Liman ya sunkuyar da kai. Tsohon kuwa ya ɗago, ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Cire hannunka daga irina."

Sagiru ya cire.